Turancin da ya taso a bayan garmar shanu

A Ingila har gobe in za a yi tseren dawaki ba da mita ake auna filin ba, da “furlong” ake aunawa. Za ka ji mai sharhi yana ta ɗaga murya, saura furlong biyu, saura ɗaya. Da za ka tare 'yan kallon ka tambaye su ma'anar kalmar, iyakarsu su ce maka ɗaya bisa takwas na mil ce, wato yadi 220. Haka ne, amma wannan lissafin daga baya ya zo. Kalmomi biyu ne na tsohon Turanci aka haɗe, “furh” da “lang”, kwarin da garma ke yankawa da kuma tsawo. Tsawon kunyar gona ɗaya ke nan, iyakar inda shanun huɗa za su ja kafin a tsayar da su su sarara.

Duk wanda ya taɓa bin bayan garmar shanu ya san juyawa ce wahalar. A gonar kawuna bijimai biyu ne kacal, amma in aka kai bakin gona sai ka ga an shiga kiciniya: yaron da ke riƙe da igiya yana ta tsawa, mai garma ya cicciɓe ta ya karkatar, bijimin waje na yin zagaye mai faɗi, na ciki kuma yana tattake kunyar da aka gama yanzu-yanzu. To ƙaddara shanu takwas ne, biyu-biyu a jere, suna jan ƙatuwar garma a cikin laka mai danƙo irin ta tsakiyar Ingila. Juya wannan ayari ba wasa ba ne. Shi ya sa manomansu suka riƙa yanka gonaki dogaye sirara, don a rage yawan juyi. Tsawo furlong ɗaya, faɗi yadi 22, shi ne “acre”, abin da shanu za su iya huɗewa a yini guda. Mu muka karɓa muka ce eka. Akwai kuma “oxgang”, tafiyar sa, wato rabon wanda ya kawo sa ɗaya cikin takwas ɗin, kimanin eka 15. Har yanzu a wasu makiyayu na tsakiyar Ingila ana ganin sawun waɗannan kunyoyi a ƙarƙashin ciyawa, sun ɗan lanƙwasa a ƙarshe daidai inda mai garma yake fara karkatar da shanunsa.

Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma abin da na lura shi ne yaranmu suna kallon harshen nan kamar wani babban ma'aikaci da aka haifa da kwat a jiki da biro a aljihu. Tsoronsa suke ji. Ni kuwa duk lokacin da na tona asalin wata tsohuwar kalma, abin da nake tararwa a ƙasa shanu ne, da gari, da ulu, da bashi, da rigimar dangi. Mutanen da suka ƙera Turanci talakawan ƙauye ne masu kwana ɗaki ɗaya da dabbobinsu saboda sanyi.

Ɗauki dukiya. A tsohon Turanci kalma ɗaya ce, “feoh”, take nufin shanu, take nufin kadara, take nufin kuɗi. 'Yar'uwarta ce ta bi ta Faransanci ta dawo ta zama “fee”, kuɗin da iyaye ke kuka da shi farkon kowane zangon karatu. Bajamushe har yau “Vieh” yake ce wa dabbobin kiwo. “Fellow” da muke fassarawa da aboki ko ɗan'uwa, daga bakin mutanen arewacin Turai ta zo, “felagi”, wanda kuka zuba dukiya wuri ɗaya da shi, abokin haɗin jari. “Cattle” ta shanu, da “chattel” da lauyoyi ke faɗi in suna nufin kayan da za a iya ɗauka, da “capital” ta jari, duk uwarsu ɗaya, kalmar Latin mai nufin kai, saboda da kai ake ƙirga garke. Bafulatani ba zai yi mamakin wannan ba, tunda a wurinsa “jawdi” ita ce dabba ita ce dukiya.

Wani malamin coci mai suna Bede, wanda ya rayu a Jarrow can arewa maso gabashin Ingila, ya rubuta a shekarar 725 sunayen da kakanninsa ke kiran watanni da su kafin na Rumawa su kore su. Watan Mayu “Thrimilce” ne, tatsa uku, domin a watan ciyawa ke yin yawa har a tatsi saniya sau uku a yini. Agusta “Weodmonath”, watan ciyayi, lokacin da noma ke neman fin ƙarfin mutum. Nuwamba “Blodmonath”, watan jini, lokacin da suke yanka dabbobi don gumakansu ana gab da shiga hunturu. A ganina an yi asara da aka bar Thrimilce ta mutu aka riƙe “May”, sunan wata gunkiyar Rumawa da ba ta gaya wa kowa komai.

Sai gurasa. Kalmomin girma biyu da Turawan Ingila suka fi ji da su, “lord” da “lady”, daga madafi suka fito. “Hlaf” ita ce gurasa, ita ce ta zama “loaf”. Maigida shi ne “hlafweard”, mai tsaron gurasa. Baki ya yi ta cinye kalmar, ta zama “hlaford”, ta zama “laverd”, ta ƙare a “lord”. Uwargida kuwa “hlæfdige” ce, mai kwaɓa gurasa. Akwai ta uku da ta ɓace gaba ɗaya, kuma ita ta fi burge ni: “hlafæta”, mai cin gurasa, wato bara ko yaron gida da ke ƙarƙashin wani. Mai tsaro, mai kwaɓi, mai ci. Gidan ya cika. Duk ranar da na ji lauya a kotu yana rusunawa yana “my lord”, sai in tuna cewa abin da yake faɗi a asali bai wuce “mai riƙe da makullin rumbuna” ba.

Irin wannan hawan matsayi ya sami wasu ma. “Marshal”, muƙamin ƙoli a soja, asalinsa mai kula da dawaki ne. “Constable” shi ne shugaban bargar dawaki. Mu ma a fadar Kano mun san yadda Shamaki ya tashi daga barga ya zama na kusa da sarki, saboda haka hanyar ba baƙuwa ba ce.

Waccan kalma “hlafæta” tana cikin dokokin Sarki Ethelbert na Kent, wata masarauta a kudu maso gabashin Ingila, waɗanda aka rubuta wajen shekarar 600, kimanin shekara 20 kafin Hijira. Su ne dokoki mafi tsufa da aka rubuta da Turanci, kuma kwafin da ya tsira yana cikin wani kundi da aka rubuta a Rochester a ƙarni na 12. In ka karanta su za ka ga kusan jerin farashi ne daga farko har ƙarshe, domin ginshiƙinsu “wergild” ce. “Wer” namiji, “gild” biya. Kuɗin mutum. Diyya.

A Kent diyyar ɗa mai 'yanci sule 100 ce. A masarautar Wessex daga baya an sa wa talaka sule 200, basarake kuma 1,200, har ana kiran mutum da farashinsa, a ce wane “mai ɗari biyu” ne, wane “mai ɗari goma sha biyu”. Amma wurin da Ethelbert ya zauna ya yi aiki dalla-dalla shi ne gaɓoɓin jiki. Ido sule 50. Ƙafa 50. Kunne in aka sare shi 12. Haƙoran gaba guda huɗu sule 6 kowanne, na kusa da su 4, na gaba da wannan 3, daga nan zuwa turame sule ɗai-ɗai. Ka ga lissafin ya bi abin da mutane za su gani in ka yi dariya. Babban yatsan hannu sule 20. Na tsakiya 4 kawai. Wanda ke biye masa, da suke kira “goldfinger”, yatsan zinariya saboda zobe, sule 6. Ƙaramin yatsa kuwa 11, ya fi waɗancan biyun a haɗe. Manuniya ita ce “scytefinger”, yatsan harbi, don da ita ake jan tsirkiya. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai ga bambancin nan take: a shari'armu yatsu daidai suke, raƙuma goma kowanne, haƙori kuma biyar, ba a duba na gaba ne ko na ciki. Amma matsalar da ake son kashewa ɗaya ce, kada jini ya ja jini har dangi biyu su ƙare. Kuma a can ma dangi ne ke taruwa su biya, dangi ne ke karɓa.

“Wer” ta mutu, sai dai ta bar sawu a wurare biyu. Ɗaya “werewolf”, mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci, takwaran masu zama kura a labaranmu. Ɗayan kuma “world”, duniya sukutum, wadda asalinta “wer” ce da “eld”, zamanin ɗan Adam. Shi wancan yatsan zobe yana da wani sunan, “leech finger”, yatsan likita, domin “leech” a da mai magani take nufi. Yau in ka ce “leech” matsattsaku kawai za a fahimta.

Talakan nan mai sule 200 sunansa “ceorl”. Mutum ne mai 'yanci, mai gonarsa, mai zuwa yaƙi in sarki ya kira. Yau “churl” zagi ne, mutum mara tarbiyya mai baƙin rai. “Villain”, mugun da ake kashewa a ƙarshen fim, asalinsa manomin da ke aiki a gandun wani ne. “Boor”, bagidaje, manomi ne shi ma, kuma 'yar'uwar kalmar tana ɓoye a cikin “neighbour”, manomin da ke kusa, wato maƙwabci. Abin bai tsaya kan manoma ba. “Hussy”, da ake jifan mace mara kamun kai da ita, “housewife” ce baki ya gutsure. “Gossip”, gulma, a da “godsibb” ce, wanda ya tsaya wa ɗanka ranar wankan baftisma har kuka zama dangi ta hanyar addini. Daga nan ta koma kan matan da ke taruwa ɗakin mai haihuwa, daga nan ta koma kan hirar da suke yi. “Silly” ta faro da mai albarka, ta zama mara laifi, ta zama abin tausayi, ta ƙare a wawa. Ba na jin haɗari ne ya sa kusan duk kalmar da ta shafi manomi ko mace ƙasa take gangarawa. Wanda ke riƙe da alƙalami a birni yake zaune, kuma namiji ne. Mu da muke cewa “baƙauye” mu san abin da muke nufi ba mu da bakin yi musu dariya.

Dubi “knave” da “knight”. Dukkansu yaro suke nufi, ko bara. Wanda ya yi wa sarki hidima a kan doki ya zama jarumi mai lambar girma, wanda ya tsaya a madafi ya zama ɗan damfara.

Shekarar 1066 ce ta raba Turanci gida biyu. William na Normandy, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, ya raba ƙasar ga mutanensa masu jin Faransanci, kuma shekara 20 bayan haka ya sa aka bi gari-gari ana rubuta gonaki da garmuna da shanu don haraji. Daga nan fada da kotu suka koma Faransanci na tsawon ƙarnoni. Misalin da kowa ke kawowa shi ne na nama: dabba tana raye sunanta na Turanci, “cow”, “sheep”, “calf”, in ta hau faranti ta koma “beef”, “mutton”, “veal”. Rabuwar ba dare ɗaya ta yi ba, an daɗe ana cakuɗa su, amma inda ta dosa a fili yake.

Asarar da ta fi damuna a wannan canji ta dangi ce. Wata rana 'yata tana aikin gida na makaranta ta ɗago ta ce, “Baba, wai kawu da baffa duk uncle ne?” Na ce mata duk uncle ne. Ta ce, “To ta yaya suke gane wanda ake nufi?” Na ce sai sun ƙara bayani. Ta taɓe baki ta ci gaba da rubutunta. Abin da ban tsaya gaya mata ba a lokacin shi ne, da can suna ganewa sarai. Kawu “eam” ne, baffa “fædera”, gwaggo “fathu”, 'yar'uwar uwa kuma “modrige”. Kalmomi huɗu, kowacce da mazauninta, domin a zamanin diyya dole ka san wa ke ɓangaren uba wa ke ɓangaren uwa. Suna ma da sunan ɓangarorin: na uba “spear side”, gefen mashi, na uwa “spindle side”, gefen mazari. “Uncle” da “aunt” suka shigo daga Faransanci wajen 1300 suka share su. Abin dariyar, a Latin ɗin da suka samo asali “avunculus” kawu ne kaɗai, “amita” kuma gwaggo ce kaɗai. “Eam” ta ɗan ja kwana a ƙauyuka a matsayin “eme”, kuma tana nan a sunan iyali Eames.

Haka suka yi da jibi da shekaranjiya. “Overmorrow” da “ereyesterday” duk sun fito a fassarar Baibul ta Miles Coverdale ta 1535, amma ba su yi ƙarko ba. Yau sai Bature ya jero kalmomi huɗu kafin ya ce jibi, gata da citta kuwa sai dai ya ƙirga. Bajamushe ya riƙe nasa. Abin da Ingila ta riƙe shi ne “fortnight”, dare goma sha huɗu, mako biyu. Ƙanwarta “sennight”, dare bakwai, ta kai har ƙarni na 19 kafin ta kwanta. Da dare suke ƙirga lokaci, kuma marubucin Rumawa Tacitus ya lura da wannan ɗabi'a a wurin ƙabilun Jamus tun shekarar 98. Mu ma ai kwana muke ƙirgawa. “Noon” kuma da ake cewa sha biyun rana, asalinta sa'a ta tara ce daga fitowar rana, wajen ƙarfe uku, lokacin wata addu'ar coci. A hankali ta yi ta matsowa har ta zauna a tsakar rana.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai an turo mini saƙo a WhatsApp cewa wai “news” haruffan farko ne na arewa, gabas, yamma da kudu a Turance. Ƙarya ce, jam'in “new” ce kawai, sababbin abubuwa. Wai “history” daga “his story” take. Ƙarya ce; daga Girkanci take, bincike take nufi. Wai “posh” taƙaitawa ce ta wani rubutu da ake bugawa a tikitin jirgin ruwan Indiya. An nemi tikiti ɗaya mai wannan rubutu an rasa. Hatta labarin da ake so ƙwarai, cewa da gishiri ake biyan sojan Rum shi ya sa ake cewa “salary”, kalmar dai tana da alaƙa da gishiri, amma babu wani tsohon rubutu da ya ce an taɓa auna wa soja gishiri a matsayin albashi. Dokata mai sauƙi ce: duk tsohuwar kalmar da aka ce maka daga haruffan farko aka haɗa ta, kada ka saya. Wannan salon na ƙarni na 20 ne.

Sana'o'in da suka mutu kuwa a sunayen mutane suka fake. Fletcher mai yin kibau ne, Cooper mai ƙera ganga ta itace, Chandler mai kyandir, Webster masaƙi, Baxter mai gasa gurasa, Lister marini, Barker majemi, saboda da ɓawon itace ake jima. Chapman ɗan kasuwa ne, daga “ceap”, ciniki, wadda ta haifi “cheap” da kuma titin Cheapside na Landan. Sana'a ɗaya ta haifi sunaye uku: Fuller a kudu da gabas, Tucker a kudu maso yamma, Walker a arewa. Aikinsu shi ne in an sauke ulu daga masaƙa, a zuba shi a ƙwarya babba ta itace da ruwa da wata irin laka, sau da yawa har da fitsarin da ya kwana biyu, mutum ya shiga da ƙafa yana tattakawa har maiƙon ya fita zaren ya cure. Walker ke nan, mai tattaki a cikin fitsari. In an gama sai a miƙe ƙyallen a jikin wani firam da ƙugiyoyi don kada ya tsuke, firam ɗin “tenter”, ƙugiyoyin “tenterhooks”. Shi ya sa har yau wanda ke cikin zullumin jira ake cewa yana kan tenterhooks, ko da yake da wuya mai faɗin ya taɓa ganin ɗaya. “Spinster” mai kaɗi ce. Tun ƙarni na 17 ta zama kalmar da takardun shari'a ke kiran macen da ba ta yi aure ba.

“Cordwainer” baduku ne mai ɗinka sabon takalmi, daban da “cobbler” mai gyaran tsoho, kuma ba sa son a haɗa su. Sunan daga Kurɗuba ta Andalus ya fito, inda fatar da ta fi kowacce kyau take zuwa. Har yau akwai unguwa a tsohon birnin Landan mai suna Cordwainer. Daga baya wata fatar ta karɓe kasuwa, wadda suke kira “morocco”, da ita ake yi wa littattafai masu tsada bango. Da yawanta fatar jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a ƙasar Hausa, ta keta Sahara a bayan raƙuma. Tashar da Bature ya saye ta ita ta ci sunan.

Akwai kuma kalmomin da suka mutu a gida suka rayu a wurinmu. Ingila ta bar tsohon lissafin kuɗinta ranar 15 ga Fabrairu 1971, Najeriya ta koma naira ranar 1 ga Janairu 1973. Yaron Landan na yau bai san “shilling” ba, bai san “threepence” ba, bare “farthing”, rubu'in kwabo, da aka daina karɓa tun 1961. Amma yaron Kano da bai taɓa riƙe ko ɗaya ba zai ce maka ba shi da ko sisi, ko taro, kuma kakarsa na iya ce masa abin bai kai sule ba. Harafin “d” da suke sa wa kwabo a rubuce daga “denarius” ta Rumawa yake, uwar dinari. “Guinea”, tsabar zinariyar da aka fara bugawa a 1663, sunan gaɓar Afirka ta Yamma ta ɗauka saboda daga nan zinariyar take, har da hoton giwa a kan wasunsu. Darajarta ta tsaya a sule 21, kuma a gwanjon dawakin tsere har yanzu da ita ake yanka farashi.

Yawancin kalmomin ƙauye da sun tafi ba labari ba don wani mutum mai suna Joseph Wright ba. An haife shi a 1855 kusa da Bradford. Yana ɗan shekara shida yana korar jaki a wurin fasa dutse, yana bakwai ya shiga masaƙar ulu ta Saltaire yana cire ƙwaryar zare daga inji. Bai iya karatu ba sai da ya kai wajen 15, kuma abin da ya zaburar da shi labarin yaƙin Faransa da Jamus na 1870 ne, da wani abokin aiki ke karanta musu daga jarida lokacin hutu. Ya koya wa kansa, ya yi makarantar dare, ya tara kuɗi ya tafi Jamus, ya sami digirin digirgir a Heidelberg a 1885, ya zama farfesa a Oxford a 1901. Ƙamus ɗinsa na karin harsunan Ingila ya fito a juzu'i shida tsakanin 1898 da 1905, kuma da ya rasa mai ɗaukar nauyin bugawa, kansa ya ɗora wa. Ina ganin sai wanda ya tashi da irin wannan Turancin a bakinsa, aka kuma yi masa dariya a kai, zai iya ba shi shekarunsa haka.

Cikin abubuwan da masu irin wannan aiki suka tsinto akwai ƙirgan makiyayan tumaki na arewacin Ingila: yan, tan, tethera, methera, pimp, haka har “dick” goma, “bumfit” sha biyar, “giggot” ashirin. Kowane kwari da yadda yake furta nasa. Ba Turanci ba ne ma. Ya yi kama da harshen Wales, inda biyar “pump” ce, sha biyar “pymtheg”. Ƙirgan a ashirin yake tsayawa. In makiyayi ya kai nan sai ya yi tsaga ɗaya a sandarsa ya koma yan. Tsagar ita ce “score”, shi ya sa kalmar take nufin ashirin, kuma ita ce dai ake faɗi yau in an ci ƙwallo. “Tell” ma ƙirga take nufi kafin ta koma faɗi, shi ya sa mai ƙirga kuɗi a banki yake “teller”.

Gwamnatin Ingila kanta da tsaga a sanda ta riƙa rubuta rasit ɗin haraji. Sunan sandar “tally”, daga kalmar Faransanci ta yanka. Wani ma'ajin sarki a ƙarni na 12 ya bayyana yadda ake yi. Fam 1,000 tsaga mai faɗin tafin hannu. Fam 100 faɗin babban yatsa. Fam 20 faɗin ƙaramin yatsa. Fam ɗaya girman ƙwayar sha'ir da ta nuna. Sule 'yar tsaga da za ta ɗan cire itace, kwabo kuma zane kawai ba a cire komai. In an gama sai a tsaga sandar gida biyu a tsaye ta yadda kowane ɓari zai ɗauki rabin kowace tsaga. Wanda ya biya ya tafi da dogon ɓarin, “stock”, baitulmali ya riƙe gajeren, “foil”. Ranar da gardama ta tashi sai a haɗa su. In wani ya ƙara tsaga a nasa, ɗayan zai tona shi, kuma jijiyar itacen ba za ta dace da wata sanda daban ba. Ga wanda bai iya karatu ba, ban san rasit da ya fi wannan ba. Shi kansa baitulmalin sunansa “Exchequer” ne saboda wani ƙyalle mai gida-gida irin na allon dara da ake shimfiɗawa a tebur ana lissafi a kai.

Ba a daina amfani da sandunan ba sai 1826, lokacin Ingila na da bankuna da injinan tururi. Suka taru a Westminster har cikin amalanke biyu, aka rasa yadda za a yi da su. Maimakon a ba talakawan unguwa su yi makamashi, sai aka ba da umarni a ƙone su a cikin tanderu biyu da ke ɗumama zauren majalisar dattawa daga ƙarƙashi. Ranar 16 ga Oktoba 1834 leburori biyu suka wuni suna ɗura su. Da la'asar hayaƙi ya cika zauren, daɓe ya yi zafin da ana ji ta cikin takalmi, amma mai kula da ginin ta kulle ta tafi. Wajen ƙarfe shida na yamma wuta ta tashi. Kafin gari ya waye zaurukan majalisun biyu sun ƙone, sai tsohon zauren Westminster Hall aka ceto, kuma ba wanda ya mutu. Ginin da muke gani yau a talabijin a bakin kogin Thames, mai hasumiyar Big Ben, shi aka gina a madadinsa, agogon kuma ya fara aiki a 1859.